Bargar Dawakin Garinmu: Kiwonta Abin Yabo Ne, Hayarta Tana Buƙatar Gyara

Duk wanda ya mallaki doki alhali neman abincinsa yana cikin birni, a Bauchi ne ko Azare ko Gombe, ya san cewa saye ba shi ne wuya ba, riƙo shi ne aiki, domin doki bai san ranar hutu ba, yana buƙatar wanda zai tashi masa tun da asuba, ya kuma leƙa shi kafin ya kwanta. Saboda masu irin wannan hali na ga ya dace in rubuta abin da na gani a barga ɗaya tilo da muke da ita a garinmu, wani ƙaramin garin manoma a ƙasar Misau, inda dokina ya daɗe a ɗaure, ni kuma nake zuwa daga Bauchi ina duba shi idan an sami hutun ƙarshen mako. Bargar tana aiki iri biyu. Tana karɓar dawakin mutane ta yi kiwonsu a kan kuɗin wata, tana kuma ba da nata haya ga masu biki da masu hawa. A wajen kiwo ban ga wurin da ya fi ta ba a duk yankinmu, amma a wajen haya akwai abubuwan da suke ɓata mini rai ƙwarai, kuma zan faɗe su dalla-dalla saboda ina son wurin ya ɗore.

Masarautun wannan yanki, daga Bauchi ta Malam Yakubu zuwa Katagum ta Malam Zaki, da Misau ta Mamman Manga, da Gombe ta Buba Yero, a bayan doki aka kafa su a rabin farko na ƙarni na 19, shi ya sa har gobe sarautu irin su Madaki da Shamaki da Sarkin Dawaki suke da daraja a fada. A zamanin iyayenmu da wuya ka shiga gidan dagaci ko babban malami ko attajirin ƙauye ba ka tarar da turke a kafe ba, domin a kan doki ake zuwa kasuwa da gaisuwa da zagayen gonaki. Babur ya karɓe wannan aiki gaba ɗaya, abin da ya rage wa doki shi ne hawan Sallah da naɗin sarauta da angwanci da saukar karatu da kilisa. Sha'awar ba ta mutu ba, sai ma ƙaruwa da take yi a tsakanin matasa, musamman da yake hotunan hawa suna yawo a wayoyi, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Abin da ya ɓace shi ne masu kiwon. Yaran da a da suke yanko ciyawa yanzu suna makaranta ko sun tafi birni neman kuɗi, gidajen gado kuma an rarraba su sun ƙanƙance har babu filin kafa turke. Wannan giɓi ne mai bargar ya cike. Dattijo ne da ya tashi a cikin dawaki tun yana ɗan zagi, kowa a garin Baba yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Bargar tana bayan gari ta gefen gabas, a wuri mai ɗan tudu, kuma zaɓen tudun hikima ce, domin ko a tsakiyar watan Agusta ban taɓa tarar da ruwa ya kwanta a ƙarƙashin dawaki ba. Rumfuna ne dogaye na kwano da aka shimfiɗa wa zana a sama don rage zafi, ga bishiyoyin darbejiya a tsakar filin. Kowane doki yana da turkensa, an kuma bar tazara mai kyau tsakanin ingarmu ta yadda wani ba zai kai wa wani cizo ko harbi ba, goɗiyoyi kuwa suna can wani sashe da katanga ta raba. Ana kwashe toroso safe da yamma, ana sauya rairayin da fitsari ya jiƙa, saboda haka warin da yake tarbar mutum a wasu barguna babu shi a nan. Abin da kawai zan ƙorafta a kai game da ginin shi ne katangar arewa, wadda ta yi gajarta, ta yadda iskar hunturu take shigowa kai tsaye a kan dawakin da ke wannan layi.

Abinci shi ne inda bargar ta yi fice, kuma a nan nake so in tsaya sosai, domin yawancin dawakin da suke lalacewa a hannun mutane ba yunwa ce take lalata su ba, rashin tsarin ciyarwa ne. Tumbin doki ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma doki ba ya iya amai, saboda haka duk abin da ya shiga sai dai ya wuce ta hanji ko ya tsaya ya zama ciwo. An halicce shi ne ya yini yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. A rana yana buƙatar busasshen abinci da ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato dokin da ya kai kilo 300 zai ci wajen kilo 6, kuma ya kamata mafi yawan wannan ya zama harawa da ciyawa, hatsi ya zo a matsayin ƙari. Baba bai taɓa karanta waɗannan alƙaluma ba, amma tsarinsa ya dace da su. Ruwa ake fara bayarwa da asuba, sannan harawa, sai hantsi ya yi a kawo dusa da aka ɗan yayyafa wa ruwa tare da gero ko dawa gwargwadon aikin dokin, da yamma a maimaita, da dare kuma a bar wa kowane doki ingirici ko karmami da zai yi ta taunawa har gari ya waye. Ba a zuba wa doki hatsin yini guda a lokaci ɗaya, ba a kuma ba shi hatsi yana dawowa daga gudu da gumi a jikinsa.

Wani abin da ya burge ni shi ne ba a zuba abinci a ƙasa. Ƙasarmu rairayi ce, dokin da yake tsintar dusa ko hatsi daga ƙasa kuwa yana haɗiyar yashi a hankali, yashin ya taru a hanjinsa har wata rana ya toshe shi. A wannan barga kowane turke yana da komi na rabin duro da aka lanƙwashe bakinsa don kada ya yanki dabba, ana kuma kife shi a kakkaɓe kullum. Kanwa ana ba da ita jefi-jefi a cikin ruwa, gishiri kuma yana rataye inda doki zai lasa idan ya so, ba a cusa masa ba.

Harawa ita ce jarin bargar. Da kaka, daga watan Oktoba zuwa Disamba, lokacin da aka cire gyaɗa aka roro wake, Baba yake saye ya tara a kan rumfa mai tsawo da kuma cikin wani ɗaki mai iska, domin ya san cewa daga Maris zuwa saukar ruwan farko kuɗin dami yakan ninka, wani lokaci ma a nema a rasa. Ba kowace harawa yake karɓa ba. Na ga ranar da wani saurayi ya kawo masa amalanke cike da harawar gyaɗa, a ido kore shar, Baba ya zura hannu har gwiwa a tsakiyar dami, ya zaro, ya murza ta a tafin hannu, ya sansana, sannan ya ce masa: "Ɗana, ruwa ya taɓa wannan kafin ka ɗaure ta. Ka kai wa wani, ni ba zan ba doki ba." Saurayin ya yi ta rantsuwa, sai Baba ya buɗe damin gaba ɗaya, ga farin fumfuna nan a ciki yana tashi da ƙura. Harawa mai fumfuna tana jawo tari da ciwon ciki, kuma wanda ba shi ne yake tsaye a kan dokinsa kullum ba, irin wannan ido yake biya da kuɗinsa. Da damina kuma yara suna kawo ɗanyar ciyawa irin su harkiya da kirikiri, amma ba a juya dawaki daga busasshe zuwa ɗanye rana ɗaya, sai an yi kwanaki ana gaurayawa har cikinsu ya saba.

Ruwa ma babu matsala. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, wato jarka ɗaya zuwa biyu, a zafin Afrilu kuwa da ma'aunin zafi yake haura 40 a wannan yanki yakan sha fiye da haka. Bargar tana da rijiyarta da tanki, kuma a bazara ana ƙara ban ruwa da tsakar rana da kuma bayan sallar isha.

Game da lafiya, akwai yabo akwai kuma gyara. Duk sabon dokin da aka kawo, ko daga kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar ne, ko daga hannun wani mai kiwo, ba a haɗa shi da sauran sai ya yi makonni a wani turke can gefe, an ga numfashinsa da kashinsa da fatarsa. Ana yi wa dawaki wanka a goge su, ana duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne da matsematsi saboda kaska, wadda cizonta yake sa wa doki zazzaɓin da ke mayar da idonsa rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. Da magariba a lokacin damina ana tayar da hayaƙi a gefen rumfuna, wanda yake rage sauro da wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro girma ba, masu cizo da faɗuwar rana da fitowarta, su ne kuma suke yaɗa cutar dawaki ta Afirka, wadda take kashe doki cikin 'yan kwanaki, ta fi kuma tsanani a kan dawakin da aka shigo da su daga ƙasashen da babu ita. Kofato ana gyara shi a kan kari, kimanin kowane mako 6 zuwa 8, kuma babban ɗan bargar yana da hannu a wannan aiki, yana yanka daidai ba ya cin nama.

Na kwana a garin daren da ciwon ciki ya kama dokin wani maƙwabcin turkena, wani bidi mai kyan ƙira. Ƙaramin yaron barga ne ya lura cewa bai cinye dusarsa ba, yana waiwayar cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana neman kwanciya ya yi birgima. Nan da nan aka ɗauke abincin gabansa, aka kwance shi ana zagayawa da shi a hankali, Baba ya kara kunne a kuiɓinsa yana sauraren motsin hanji, sannan ya sa aka kira malamin dabbobi a waya, aka kuma kira mai dokin aka gaya masa gaskiyar halin da ake ciki tun kafin a san yadda za ta kaya. Ba a yi masa ɗure ba, wanda shi ne abin da mutane da yawa suke gaggawar yi, har ruwan ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Kafin asuba dokin ya yi kashi, aka sami natsuwa. Wannan dare ya ƙara mini amincewa da wurin fiye da duk wani bayani da za a yi mini.

Gyaran da nake magana a kai shi ne rashin rubutu. Kafin in yi wa Baba magana babu littafin da ake shigar da ranar da aka ba doki maganin tsutsa, ko ranar da aka yi masa allura, ko irin maganin da aka ba shi, komai yana kan Baba, shi kuwa shekaru sun ja, dawakin kuma suna da yawa. Haka nan 'yan barga suna sayen magani a kasuwa su yi allura da kansu a kan ƙiyasi, ba tare da la'akari da nauyin dabba ba, kuma iri ɗaya na maganin tsutsa ake ta maimaitawa, alhali yawan maimaita iri ɗaya a kan awon da bai cika ba yana sa tsutsar ta daina jin magani. Rigakafin tetanas, ciwon nan da yake shiga ta rauni ya sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi, ba a yi wa doki sai mai shi ya nema, ga shi doki yana cikin dabbobin da wannan ciwo ya fi saurin kamawa, ƙusa ɗaya a kofato ta isa. Duk mai kawo doki nan ya nemi wannan rigakafi da bakinsa, ya kuma biya malamin dabbobi ya zo ya yi.

Bargar ta zama wani ɓangare na cin abincin garin. Matan da suke surfe a gidaje suna tara dusa su aiko yara da ita a saya, almajirai da 'yan makaranta suna samun na sabulu da yankan ciyawa, masu lambun albasa da tumatir a fadama suna layin takin dawaki tun kafin rani ya shiga, baduku da maƙerin garin kuma rabin aikinsu na ragama da majayi da linzami daga nan yake fitowa. Bayan la'asar ana fitar da dawaki kilisa ta hanyar gonaki, dattawa kuma suna zama a gindin darbejiya suna gardama a kan wane ya fi tsakanin akawal ɗin wane da furden wane. Ana kuma koya wa yara hawa a kan wani ƙuru mai sanyin hali, a fara da riƙon ragama da share turke kafin a bar yaro ya sa ƙafa a likkafa, wanda tsari ne mai kyau, sai dai babu hular kwano ko ɗaya a wurin, kuma ya kamata a ce akwai.

Haya ita ce inda bargar take rushe abin da ta gina. Dawakin haya na Baba ne, tare da na wasu masu kiwo da suka yarda a riƙa ba da nasu don a rage musu kuɗin wata. A ranakun da babu biki ana kula da su daidai da kowane doki, amma daga bayan kaka zuwa gabanin azumi, lokacin da aure yake yawa, da kuma kwanakin Sallah biyu, sai ka ga doki ɗaya ya fita ɗaurin aure da safe, ya fita rakiyar ango da yamma, washegari kuma a loda shi a mota zuwa wani gari. Mafi yawan masu haya samari ne da ba su iya hawa ba, burinsu kawai a gan su suna sukuwa da zamiya a ɗauke su hoto, kuma ana ba su dokin ne da linzamin gargajiya mai zobe a haɓa da ƙarfen da yake dukan ganɗa. Wannan linzami a hannun gwani da ɗan yatsa ake sarrafa shi, amma a hannun wanda yake riƙe da shi don kada ya faɗi, yaga bakin doki yake yi. Haka likkafa mai faɗi mai kaifin gefe, da ƙaimi, duk ana miƙa su ga wanda bai san lokacin amfani da su ba. Dawakinmu kuma ba a sa musu takalmin ƙarfe, saboda haka sukuwa a kan kwalta tana cinye kofato, tana jijjiga gaɓoɓi, santsinta kuma yana kayar da doki da mahayinsa. Irin wannan ɓarna da haɗurran da take jawowa suna cikin abin da ya sa hukumomi a wasu manyan biranen Arewa, ciki har da Kano, suka sha hana kilisa a kan tituna.

Ina wurin wata rana bayan isha aka dawo da wani kili daga angwanci. Jikinsa ya jiƙe sharkaf, kumfar bakinsa ta gauraye da jini, kuiɓinsa biyu duk ƙaimi ya tsattsaga, yana ɗingisa ƙafar gaba ta dama. Da aka sauke sirdi sai ga fata ta saluɓe a bayansa, faɗin tafin hannu, daidai inda wani tsohon tabo yake. Yaron da ya dawo da shi ya miƙa ragama ya juya abinsa, babu wanda ya tsayar da shi ya tambaye shi komai. 'Yan barga sun yi abin da ya dace, sun zagaya da dokin har ya huce, sun wanke raunukan da ruwan gishiri, sun hana shi hatsi a daren, amma kafin mikin ya gama warkewa na ga an sake ɗaura masa sirdi saboda wani biki ya taso. Mikin da ake ɗora wa sirdi bai warke ba shi ne yake zama gyambo, gashin wurin kuma ko ya fito fari yake fitowa, dokin ya zauna da tabo har ƙarshen ransa.

Na sami Baba da maganar, na ce masa: "Baba, mutumin da yake mayar da harawa saboda fumfuna, yaya zai bar yaro ya dawo masa da doki a haka?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Malam, kuɗin hayar nan shi yake sayen harawar da naku suke ci a bazara. In na hana, sai in ƙara muku kuɗi, in na ƙara kuma rabinku za su kwance dawakinsu." Gaskiya ya faɗa, kuma ya kamata mu masu kiwo mu ji ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon harawa da na kai doki wani gari a mota ya tashi, kuɗin magani ma haka, hatsi kuwa kowa ya ga irin tsadar da ya yi a 2024, amma mu masu dawaki muna son kuɗin wata ya tsaya inda yake. Arahar da muke samu a bayan dawakin haya ake biyanta. Duk da haka ban yarda cewa babu mafita ba. Idan aka sa doka cewa doki ba zai fita fiye da sau ɗaya a yini ba, kowane doki kuma zai tafi da zaginsa daga barga wanda yake da ikon sauke mahayi idan ya ga ɓarna, aka tanadi linzami mai sauƙi ga wanda bai ƙware ba, aka hana ƙaimi, aka kuma karɓi kuɗin ajiya da ba za a mayar ba idan doki ya dawo da rauni, to yawancin wannan ɓarna za ta tsaya, kuma masu biki za su biya, domin babu wata barga kusa da za su koma. Ni a shirye nake a ƙara mini kuɗin wata a kan haka, na kuma faɗa wa sauran masu dawaki ra'ayina.

Kayan hawan da ake bayarwa tare da doki suna da kyan gani. Akwai jalala da ɗan ƙirji da sauran kayan ado masu aiki mai kyau, wanda ya hau ba zai ji kunya a gaban jama'a ba. Abin da yake ƙarƙashin adon ne ba a kula da shi yadda ya kamata. Zubuka, wato shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin sirdi, tana shan gumi ta bushe ta ƙandare ba a wanke ta ba, sirdi ɗaya kuma ana ɗora shi a kan kowane doki, mai faɗin baya da siriri, alhali sirdin da bai zauna daidai ba shi ne farkon miki. Wanda zai yi haya ya sa a ɗaga sirdin a gabansa ya ga bayan dokin da idonsa, ya taɓa zubukar da hannunsa, ya duba majayi da igiyar likkafa ko sun tsufa, domin tsinkewarsu a tsakiyar gudu ba ƙaramin haɗari ba ne.

Kuɗin kiwo iri biyu ne. Akwai wanda barga take ɗaukar komai, akwai kuma wanda mai doki yake kawo hatsinsa da dusarsa ya biya kuɗin harawa da ruwa da hidima kawai, kuma ga manomi ko wanda yake da gona a gida na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Farashin yana bin kasuwar hatsi, ana zama a daidaita shi da kaka, a sake dubawa idan bazara ta yi tsanani, kuɗin magani da na malamin dabbobi kuma daban ne. Ban taɓa kama su da rage awon hatsin da na kawo ba, ko da na zo ba tare da sanarwa ba nakan tarar da komin dokina kamar na kowa. Idan aka gwada da abin da mutum zai kashe a cikin garin Bauchi wajen hayar fili da sayen ruwa da biyan yaro, nan ya fi araha, dokin kuma yana samun sarari da iska da hanyar kilisa mai taushi.

Wanda yake son kawo doki ya zo da kaka, lokacin da ake lissafin harawar shekara, domin daga watan Sha'aban turaku sukan cika da dawakin da ake shiryawa don hawan Sallah. Ya zo da shaida guda, a rubuta yarjejeniya ko da a takardar makaranta ce, a bayyana a ciki ko ya yarda a ba da dokinsa haya ko bai yarda ba, da wanda zai biya idan doki ya ji rauni a hannun wani, da wanda za a kira idan ciwo ya taso da dare. Shawarata ita ce kada ya yarda da hayar, komai ragin da za a yi masa, har sai an gyara tsarinta. Ni na sabunta kiwon dokina a kan wannan sharaɗi. Baba ya karɓi maganar littafin magani, har ya ɗora wa wani jikansa da ke makarantar sakandare alhakin rubutawa, kuma da na koma na ga an buɗe wa kowane doki shafinsa. Maganar zagi da kuɗin ajiya kuwa ya ce sai bayan Babbar Sallah zai zauna da mu a kanta, domin ya riga ya karɓi kuɗin mutane a kan tsohon tsari.